Notepad++ da VS Code: wanne ya fi sauƙin mayarwa Faransanci?

Ɗan'uwanmu na Damagaram, sannu da ƙoƙari. Ga waɗanda tambayar ta wuce su: ya ce da Faransanci ya yi karatunsa tun daga firamare, yanzu ya fara koyon HTML da Python, yana da manhajojin rubuta kod guda biyu, Notepad++ da VS Code, duka a kwamfutarsa, amma Ingilishin da ke cikin menu yana rage masa gudu. Yana son ya san wanne ya fi sauƙin juyawa zuwa Faransanci, kuma ko juyawar za ta zame masa matsala nan gaba.

Idan saurin juyawa kaɗai ake magana, Notepad++ ne a gaba, babu ko tantama. Sai dai ni abin da na fi dubawa shi ne yadda mutum zai dawo idan ya ɓata, da kuma iya inda fassarar take tsayawa. A nan ne lissafin yake canzawa.

Mu fara da Notepad++. Tsohon hannu ne, tun 2003 Don Ho ya fitar da shi, kuma a kan Windows yake aiki. Ka shiga Settings, ka zaɓi Preferences, a shafin farko mai suna General za ka ga Localization da jerin harsuna. Kana danna Français, kafin ka ɗage hannu daga linzami menu ya riga ya juye. Ba sai ka rufe ka sake buɗewa ba, kuma ba ya cin data ko kaɗan. Dalili kuwa shi ne kowane harshe ɗan ƙaramin fayil ne na XML da ke zaune a cikin folda mai suna localization, a inda aka girka manhajar. Duk wanda ka zaɓa, sai ta kwafe shi zuwa wani fayil mai suna nativeLang.xml, daga nan take karanta sunayen menu. Idan ka buɗe jerin ba ka ga Français ba, to wanda ya girka maka manhajar bai sa alama a kan harsunan ba lokacin girkawa. Ka sake kunna fayil ɗin girkawar ka zaɓe shi a ƙarƙashin Localization, ko ka karɓi french.xml a filash daga wurin aboki ka jefa shi cikin foldar nan. Shi ke nan.

VS Code, wanda Microsoft ta fitar a 2015, da Ingilishi kawai yake zuwa. Sauran harsuna sai an sauko da su daga intanet a matsayin ƙari, irin wanda suke kira Language Pack. Ka danna F1, ko Ctrl da Shift da P tare, wani ɗan akwatin rubutu zai sauko daga saman allo. Ka rubuta Configure Display Language, ka danna Enter, ka zaɓi français. Zai sauko da kunshin da kansa, sannan ya nemi ka bar shi ya rufe ya sake buɗewa. Sai ya dawo za ka ga Fichier a inda File yake a da. Wato kana buƙatar intanet sau ɗaya, kuma ka ajiye aikinka kafin ka amsa masa. Idan Windows ɗinka da Faransanci take, sau da yawa shi da kansa zai fito da saƙo a ƙasan allo ta dama yana tambaya ko a sauko da kunshin.

Akwai tarko guda da ke cikin su biyun, kuma sabbin shiga da yawa suna faɗawa. A Notepad++ akwai menu babba a sama mai suna Language. Wannan ba ruwansa da harshen mutane, na zaɓar Python ko PHP ko C ne, domin a yi wa rubutun launi daidai. Haka ma a VS Code, sunan da kake gani a ƙasan allo ta dama, da umarnin Change Language Mode. Kada ka ɓata lokacinka a can kana neman Faransanci.

Yanzu ga batun dawowa, wanda shi ne ya fi damuna. A ce hannu ya zame ka zaɓi Koriyanci, ko ƙanenka ya yi wasa da kwamfutar, ko ka sayo ta hannu ka tarar an bar ta da harshen da ko harafi ɗaya ba ka iya karantawa. A Notepad++ kusan komai ya juye, Ingilishin da ya rage maka ka riƙe kaɗan ne. Ko dai ka tuna gurbin da Settings yake a jerin menu ka bi da lalube, ko ka rufe manhajar, ka rubuta %AppData%\Notepad++ a sandar adireshin folda, ka goge nativeLang.xml, ka sake buɗewa ta dawo Ingilishi. Hanya ce mai kyau, amma sai wanda ya sani.

VS Code ya yi dabara a nan. Ko da wane harshe ka sa shi, akwatin F1 yana ci gaba da gane sunayen umarni na Ingilishi, har yana nuna maka guda biyun tare, fassarar a sama, asalin a ƙasanta. Saboda haka ko allon ya cika da rubutun Japan, kana danna F1 ka rubuta display language, umarnin zai fito. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo. Kana kallon darasi a YouTube, malamin ya ce a buɗe Format Document, kai kuma naka Faransanci ne: ka rubuta yadda ya faɗa, ka samu, kuma ka ga yadda ake kiransa da harshen da ka iya. A hankali sai ka wayi gari ka san sunayen biyu ba tare da ka zauna haddace su ba. Ban da wannan, zaɓin naka yana rubuce a wani fayil mai suna argv.json, a layin locale, inda fr ke nufin Faransanci, en kuma Ingilishi. Umarnin Configure Runtime Arguments ne ke buɗe shi, ka gyara da hannu in ta kama.

Sai iyakar fassarar. A duka biyun, allon ƙofar shago aka sake rubutawa, kayan da ke ciki suna nan yadda suke. Ranar da ka manta tura layi ciki bayan if, Python zai ce maka IndentationError: expected an indented block, da Ingilishi, ko menu naka da wane harshe yake, domin saƙon daga Python ya fito, editan isarwa kawai ya yi. Kalmomin kod ɗin kansu, su print da while da div, ba mai taɓa su. Ƙarin manhajojin da wasu mutane suka rubuta wa VS Code ma kowa da nasa hali: wasu an fassara su, da yawa Ingilishi za su ci gaba da yi maka a tsakiyar Faransancin. Haka abin yake da plugins na Notepad++. Kuma duk lokacin da aka sabunta manhaja aka ƙara sabon abu, yakan zauna da Ingilishi har fassara ta cim masa. A Notepad++ 'yan sa-kai ne ke yin fassarar, don haka wani harshen ya fi wani samun kulawa.

Wani wuri da VS Code yake zurfafawa shi ne JavaScript da TypeScript, inda har saƙonnin kuskure sukan bi harshen da ka zaɓa. Da farko abin zai yi maka daɗi. Ni dai shawarata ka mayar da wannan ɓangaren Ingilishi: ka buɗe saituna, ka rubuta typescript locale a wurin bincike, ka zaɓi en. Saƙon kuskure abu ne da za ka kwafa ka kai Google, kuma amsoshin da ke shafukan masu rubuta kod irin su Stack Overflow da GitHub galibinsu da lafazin Ingilishi aka rubuta su. Ka nema da Faransanci, abin da za ka samu kaɗan ne.

'Yan'uwanmu na Chadi da Sudan da suka fi sakewa da Larabci, ku naku lissafin daban ne. Notepad++ yana da Larabci, har menu yana komawa daga dama zuwa hagu. Kunshin da Microsoft take fitarwa wa VS Code kuwa ya ƙunshi irin su Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci, Rashanci, Turkanci da Sinanci, babu Larabci a ciki, balle Hausa. Wannan rashin yana ci mini rai, kuma ƙofar da ta fi kusa ita ce ta Notepad++: mutum ya kwafi english.xml, ya bi shi layi-layi yana sauya sunayen, ya ajiye shi da sunan nativeLang.xml a %AppData%\Notepad++. Aiki ne da mutum uku ko huɗu a cikinmu za su iya ɗauka idan aka raba.

Kada wani ya ce maka ka koma PyCharm saboda wannan. Edita ne mai kyau ga Python, amma a fitowar 2024.2, lokacin da JetBrains, kamfanin da ke yin sa, ta haɗa harsuna cikin manhajar kanta, Sinanci da Japananci da Koriyanci ne aka sa. Kuma idan kana rubuta ƙ da ɗ da ɓ a shafin HTML suna fitowa a hargitse, wannan ba daga harshen menu ba ne, ka duba ƙasan allo ka tabbata an rubuta UTF-8, wato tsarin ajiye haruffa da ya san su.

To, ɗan'uwa, ga abin da zan yi da ni ne kai. Notepad++ ka mayar da shi Faransanci yau ɗin nan, ba abin da za ka rasa, ka bar shi don ƙananan gyare-gyare. Karatun Python kuwa ka yi shi a VS Code da kunshin Faransanci, ka saba wa yatsanka da F1 maimakon bin menu da linzami. Duk ranar da za ka ɗauko hoton allo ka kawo mana tambaya, ka rufe duk tagogin VS Code, ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta code --locale=en. Zai buɗe da Ingilishi na wannan zaman kaɗai, saitinka na Faransanci bai taɓu ba, mu kuma na Kano da Zariya mu iya karanta abin da ke gabanka mu ba ka amsa.