Mun je Maroko ganin inda ake ɗaukar fina-finai, ga yadda kamfanin ya riƙe mu

Tunda muka dawo mutane ke tare ni a kasuwa da ƙofar masallaci a nan Agege, Alhaji ya hanya, Alhaji da gaske ne kamfanin nan na kai mutum har inda aka yi fim, to na ga gara in rubuta komai sau ɗaya, mai niyyar zuwa ya karanta ya san abin da zai tarar tun kafin ya zaro kuɗinsa.

Ni dai tun ina yaro nake da son fim ɗin tarihi, musamman Ar-Risala na Mustafa Akkad wanda ya fito a 1976, a gidanmu duk azumi sai an sa kaset ɗinsa har ya fara shan iska hoton yana rawa. To da na ga tallar wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Ikeja a WhatsApp, kwana biyar a Maroko, za a zaga da ku wuraren da aka ɗauki manyan fina-finan duniya, har da sunan Risala ɗin a jerin, ban yi wata-wata ba na je ofishinsu da kaina. Na biya mana mu uku, ni da uwargida da Yayana wanda shi ma tun zamanin gidan kallo yake maganar fim ɗin nan. Mu 14 ne a tawagar, Hausawa biyar, sauran Yarbawa da Ibo.

Gaskiya ta fuskar takardu ba ni da abin cewa, sun yi ƙoƙari. Su suka yi mana cuku-cukun biza, fasfo ya dawo hannunmu a kan lokaci, kuma yarinyar da ke kan tebur duk sanda na kira sai ta ɗaga, wanda ya taɓa mu'amala da irin waɗannan ofisoshin a Legas ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga filin jirgin Murtala Muhammed muka tashi kai tsaye zuwa Kasablanka, awa huɗu da wani abu, daga can mota ta kwashe mu zuwa Marakesh. Otal ɗin tsaf-tsaf, ruwan zafi ba ya yankewa, abinci kuma hankalinka kwance ba sai ka tsaya tambayar wa ya yanka ba.

Matsalar daga tsarin ranar da muka zo dominta ta fara. Wuraren fina-finan da za a kai mu ba a Marakesh suke ba, suna can bayan duwatsun Atlas ne wajen garin Warzazat, tafiyar kusan kilomita 200, kuma hanya ce ta hawan dutse mai kwana-kwana kamar maciji, awa huɗu cur idan ba a tsaya ba. Kamfanin nan sai suka tsara mu je mu dawo a rana ɗaya. Kun ga awa takwas kenan a cikin mota, me ya rage na kallo? Bayan asuba muka tashi, ga sanyi wanda ban taɓa jin irinsa ba ko a Jos, don a watan Janairu muka je kuma ba wanda ya ce mana mu riƙo rigar sanyi mai kauri, mu da muka saba da zufar Legas. Da muka kai ƙololuwar hanyar, wurin da ake ce wa Tizin Tishka, tsayinsa ya haura mita 2,200, ga dusar ƙanƙara fari fat a kan duwatsu, uwargida da mayafinta ɗaya haƙoranta sai haɗuwa suke, dole na sayi bargo a bakin hanya da tsadarsa. Wata baiwar Allah a cikinmu jiri ya kwashe ta har ta yi amai, ko leda ba a tanada a motar ba.

Sannan kuma aka tsayar da mu kusan awa ɗaya a wani shagon man argan, mata na zaune suna fasa ƙwallon suna niƙawa da dutse, abin sha'awa ne ban ce a'a ba, man ma mai kyau ne mun saya, amma ba shi muka baro Legas mu gani ba, kuma wannan awar ita muka zo muna nema ido rufe da yamma.

Wajen sha ɗaya da rabi muka iso Ait Bin Haddu, kuma wallahi a nan na manta da duk wahalar hanya. Gari ne na jar ƙasa da aka gina a jikin tudu, gida kan gida har sama, ga wani ɗan kogi a gabansa ana ce masa Unila. Akwai gada amma mu ta kan buhunan yashi da aka jera a cikin ruwan muka tsallaka, yara na riƙe hannun mata suna neman ɗan abin da ya samu. Yaya na ɗaga kai ya ga katangar sai ya tsaya cak ya ce min, kai Malam ai wannan cikin birnin Zariya ne. Kuma haka ne fa, yaɓen ƙasa da ciyawa, lunguna matsattsu masu sanyi, rufin azara, zane a jikin bango daga sama, kusurwar soraye a tsaye kamar zanko. Na sa tafin hannuna a jikin wani bango, ga karan ciyawar nan a fili a cikin yaɓen, ga sawun yatsun magini, warin ƙasar ma irin na zauren kakanmu ne idan an yi yayyafi. Bambancin da na lura shi ne su ba tubali mulmulalle suke jerawa a ƙasan ginin ba irin namu, katako suke kafawa gefe biyu su zuba ƙasa a tsakiya su kirɓe ta har ta kama, sai su ɗaga katakon sama su sake.

Ɗan jagoran da aka haɗa mu da shi a nan ɗan garin ne, kuma shi ne mafi alherin abin da kamfanin ya yi mana. Dattijo ne, ya ce shi kansa ya sha fitowa a cikin taron jama'a a fina-finai, a sa masa rawani ko kayan bayi a biya shi kuɗin yini. Ya riƙo wani tsohon kundin hotuna duk ya sha hannu, sai ya tsayar da kai a daidai wurin ya buɗe hoton ya ce duba can. Haka ya nuna mana filin da aka kafa dandalin faɗan nan na fim ɗin Gladiator na shekarar 2000, yanzu fili ne fetal ba komai don an kwashe ginin bayan an gama, amma da ka haɗa hoton da tudun da ke bayanka sai ka ga shi ne sak. Ya nuna ƙofar da aka yi amfani da ita a Game of Thrones, ya ce tun zamanin Lawrence of Arabia na 1962 masu fim ke zuwa nan. Amma abin da ya fi shiga raina ba maganar fim ba ce, cewa da ya yi garin asalinsa zango ne na fatake masu tsallako Sahara da raƙuma za su Marakesh, nan suke sauke kaya su huta. Na ce masa Baba ai mu ma unguwar da muka fito Zango ake ce mata, fataken goro da shanu ne suka kafa ta, ya yi ta murna ya kama hannuna ya riƙe. A 1987 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, gine-ginen da ke tsaye yanzu mafi tsufansu na ƙarni na 17 ne, kuma gidaje kaɗan ne har yau ke da mutane a ciki, yawanci sun koma sabon gari a tsallaken kogin.

Mun hau har can sama inda tsohon rumbun garin yake, hawan akwai haki, mai ciwon gwiwa ya bi a hankali. Muna isa ko numfashi ba mu gama mayarwa ba sai ga wakilin kamfanin yana tafa hannu wai mu sauko lokaci ya ƙure. Minti 75 kacal muka yi a wurin da ya cancanci yini guda. Akwai wani mai zane a hanyar saukowa da ke shafa ruwan shayi da za'afaran a takarda, ba ka ganin komai sai ya kanga ta a kan wuta hoton garin ya fito a hankali, uwargida ta so ta tsaya a yi mata guda ba hali, a tsaye muka ɗauki wanda aka riga aka yi.

Abincin rana tajin ne na kaza da lemon tsami da zaitun, da kuskus wanda ya yi kama da dambunmu sai dai babu yaji, wanda ba ya iya cin abinci sai da yaji ya ƙullo nasa daga gida. Mun haɗa azahar da la'asar a wani ƙaramin masallaci, na ɗauki Alƙur'anin da ke kan kanta na buɗe sai na ga Warshu ne da rubutu irin na allonmu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Nan ma sai da Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci.

Daga nan kamar kilomita 30 ne zuwa Warzazat, inda Atlas Studios yake, wani babban filin shirya fina-finai wanda aka buɗe a 1983. Kuɗin shiga mu muka biya daga aljihunmu ko da yake a Ikeja an ce mana komai na ciki, ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, rashin faɗa tun farko ne. Shi wannan wurin ya kamata mutum ya san me zai gani. Daga nesa za ka hango fadar Fir'auna da ginshiƙai manya-manya kamar dutse, ka matso ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko, filasta ce da katako da soso, ka leƙa ta baya kuma sanduna ne suka tokare bangon. Wasu a cikinmu ransu bai so ba, ni kuwa ya burge ni ƙwarai, don a nan na gane aikin kafintoci da masu fenti da ba a taɓa ganin fuskarsu, na yi ta tunanin yaranmu na Kannywood da abin da za su iya da sun samu fili da kayan aiki irin wannan. Akwai jirgin yaƙin da aka yi amfani da shi a The Jewel of the Nile a ajiye a bakin shiga, akwai ɗakin ibadar 'yan Tibet na fim ɗin Kundun. Wasu wuraren fenti ya ɓare rana ta cinye su. Ginin birnin Ƙudus na Kingdom of Heaven kuwa, fim ɗin Salahuddin, wanda Yaya ya fi ƙwallafa rai a kai, daga nesa kawai muka hango shi, wai rana ta kusa faɗuwa kuma direba ba ya son hawan dutse cikin dare. Kasbar Taurirt, wata tsohuwar fada ta ginin ƙasa, da gidan tarihin sinima da ke kallonta a cikin gari ta tagar mota muka gan su.

Maganar Risala kuma, har muka dawo ba a kai mu ko wuri ɗaya da aka ce ga inda aka ɗauke shi ba. Da na matsa wa wakilin da tambaya sai ya hau kame-kame. Abin da yake tabbas shi ne an fara ɗaukar fim ɗin a Maroko daga baya aka ƙarasa shi a Libiya, to in ba ku da wurin da za ku nuna don me za ku sa sunansa a talla, kun san sarai saboda shi irinmu za su biya. Wannan ya ɓata min rai fiye da sanyin da kuɗin ƙofar.

Sha ɗaya na dare ta wuce kafin mu shiga Marakesh, sauran kwanakin kuma duk a kasuwa da dandalin Jami'ul Fana aka ƙarar da su, yawon da kowa zai iya yi da ƙafarsa ba sai da kamfani ba.

Bayan mun dawo da kwana biyu na koma ofishin nasu na samu manajan, na ce masa ranka ya daɗe, ku cire kwana ɗaya daga Marakesh ku mayar da shi Warzazat mutane su kwana can, ku rubuta wa matafiya maganar sanyi, ku goge sunan fim ɗin da ba ku da shi. Ya saurare ni da mutunci, ya mayar mana da kuɗin ƙofar mu uku nan take, ya ce zai duba sauran. Wanda zai bi su ya tabbatar an rubuta masa kwanan Warzazat a takarda kafin ya tura ko sisi, ya kuma roƙa a haɗa shi da dattijon nan mai kundin hotuna. Jiya na duba tallarsu, sunan Risala na nan ba su cire ba tukuna, na sake tura wa manajan saƙo.