Laftof ta biyu: sabuwa mai araha ko tsohuwar ofis?

Kwanaki ƙanina ya turo min hoton wata laftof a WhatsApp, sabuwa dal a kwali, siririya, launin azurfa, wai Yaya duba min wannan gobe zan je in ɗauko. Yana da babbar kwamfuta a shagonsa wadda yake aikin zane da firintin da ita, wannan ta biyu yake so, wadda zai dinga jefawa a jaka ya tafi gida ko in tafiya ta kama shi. Na buɗa hoton na karanta takardar da ke jikin kwalin: firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Celeron N4020, ram (wurin riƙe aikin da ake kai) 4GB, ma'ajiya 64GB eMMC. Nan take na kira shi na ce malam mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Tambayar farko da na yi masa ita ce wadda zan yi wa kowa, me za ka yi da ita? Don kwamfuta ta biyu ba a saya ta don ta yi komai da komai, babban aiki yana wajen ta farko. Ita wannan aikinta Word da Excel, buɗe imel, Zoom, cike fom, kallon darasi a YouTube, ko kuma ta tsaya maka ranar da babbar ta ƙi tashi kana da aikin mutane a hannu. To ka ga abin da ake nema a wajenta ba gudu ba ne kamar na masu gem, aminci ake nema: ka danna ta tashi, batir ya riƙe in an ɗauke wuta, in wani abu ya lalace a samu kayanta a kasuwa ba sai an yi oda an jira wata guda ba.

Bari in fara da waɗannan sababbin masu araha tunda su ne suka fi jan ido. Irin su HP Stream da ƙananan IdeaPad da ƙananan Asus masu Celeron. Ba wai jabu ba ne, a'a, kamfanonin ne suka yi su haka don su yi arha. Matsalar tana cikinsu. Ram ɗin 4GB ne kuma a yawancinsu an narka shi a jikin bod, ba ka da ramin ƙara wani, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. Shi kuma eMMC ɗin nan ɗan'uwan memorin waya ne, ba SSD na gaske ba, wato ma'ajiyar kwamfuta mai sauri, kuma cikin 64GB ɗin Windows kaɗai ta cinye kaso mai tsoka, bayan 'yan watanni sai abdet ya zo ya ce babu wuri. Ka buɗe Chrome da shafuka bakwai takwas ka ƙara da Zoom, sai ka ga linzamin yana ta juyi kana zaune kana kallonsa. Abin da za a yaba musu shi ne batir sabo ne, ba su da nauyi, da yawansu ba fanka don haka ba ƙara, kuma akwai waranti. In yaro za a saya wa ya koyi taifin, to ba laifi. Amma babba mai neman abinci da ita, gaskiya ni ba zan ba shi shawara ba.

Inda ni nake karkata shi ne tsofaffin laftof na ofis, waɗanda kamfanoni a Amurka da Turai suke amfani da su shekara uku huɗu su sauya, a kwaso su a kawo mana, mu ce musu tokumbo. Gidaje uku ne a nan: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, da EliteBook na HP. An yi su ne don ma'aikacin da zai buɗe ya rufe kullum, saboda haka marfin da sakatarsa da kibod sun fi na 'yan kasuwar gida ƙwari nesa ba kusa ba, kuma da sukundireba ɗaya ake kwance gindin a sauya ram ko SSD ko batir. Uwa uba kayan gyaransu sun cika kasuwa, ko Farm Centre da Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, da wuya ka nemi batir ko sikirin na EliteBook 840 a ce maka babu.

Amma fa tokumbo suna suka tara. Ga layin da nake ja wa kowa: kar ka sauka ƙasa da janareshan na 8, wato zubi na 8, a firosesan Intel. Dalili biyu ne. Na ɗaya Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, an dai bar wata ƙofar abdet na tsaro zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista, ita kuma Windows 11 a hukumance daga janareshan na 8 take farawa, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000, tare da TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfutar. Na san injiniyoyinmu suna da dabarar cusa Windows 11 a kan tsofaffi, kuma tana tashi, amma kana siyan abu don kwanciyar hankali me zai kai ka fara da dabara? Na biyu kuma a janareshan na 8 ne i5 na siraran laftof ya tashi daga koa biyu zuwa huɗu (koa su ne sassan firosesa da ke raba aiki), i5-7200U biyu gare shi, i5-8250U huɗu. Shi ya sa in mai shago ya ce maka "Alhaji wannan fa Core i7 ce" ka tambaye shi ta wace shekara. i7 ta janareshan na 6 ko na 7 a irin waɗannan siraran koa biyu ce, i5 ta 8 za ta wuce ta ta bar ta da ƙura. Lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan firosesan ita ce janareshan, 8350U na 8 ne, 6300U na 6 ne, in ka ga 10210U to na 10 ne. Su Folio 9480m da 840 G3 na HP da har yanzu ake ta tallarsu sun yi zamaninsu, Allah ya saka musu, amma na farkon na 4 ne na biyun na 6.

A cikin ukun, ThinkPad T480 ta 2018 ita ce 'yar gaban goshina, kuma ba don kyau ba, don baƙa ce ƙirin kamar akwatin ƙarfe. Ramin ram biyu gare ta duk a buɗe, za ka iya kai ta 32GB in ka ga dama. Batir biyu take ɗauka, ɗaya a ciki ɗaya a waje wanda ake zarewa, har akwai babba mai 72Wh da yake ɗan ɗaga bayanta, kuma kana iya sauya na wajen tana kunne ba ta mutu ba. Ga wanda yake unguwar da wuta sai an ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da USB-C take caji, ke nan fawa bank mai bada 65W zai iya ɗaukarta. Kibod ɗinta kuwa in kai mai yawan rubutu ne sai ka taɓa za ka gane. Inda take da rauni shi ne ramin cajin nan, an yi fama da matsalar Thunderbolt, fasahar da ke cikin ɗaya daga ramukan USB-C ɗin, a wannan zubin har Lenovo ta fitar da abdet na gyara, don haka ka gwada duka ramukan USB-C biyun da caja kafin ka biya. Kuma ka kula, T480s daban take, ta fi sirantaka amma rabin ram ɗinta a narke yake kuma batir ɗaya ne, haka T490.

Latitude 5490 da 5400 jakunan aiki ne, ramin ram biyu, jiki mai ɗan kauri, sau da yawa kuma sun fi sauran sauƙin kuɗi don mutanenmu HP suka fi so. 7490 ta fi su kyau da rashin nauyi sai dai ramin ram ɗaya gare ta. Abin da zan ja kunne a kan Dell shi ne caja. Laftof ɗin tana tantance cajarta ta wani ɗan tsinke da ke tsakiyar bakin, in ba ta gane ta ba sai ta yi gargaɗi lokacin tashi, ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun firosesa, kai kana ta zagin kwamfuta alhali cajar bogi aka haɗa ka da ita.

EliteBook 840 G5 da G6 su ne masu farin jini, jikin alminiyom, sirara, in ka ajiye a tebur sai a ɗauka sabuwa ce. Su ma ramin ram biyu. Ribarsu babba ita ce duk injiniyan da ka kai wa ya san cikinsu, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba za ka sha wahalar samun mai saye ba. Sai dai farin jinin nan a kuɗi kake biyansa. Wani abu kuma, G5 ɗin akwai waɗanda suka fito da firosesan janareshan na 7, haka ma T480 da 5490, saboda haka sunan modal bai isa ba, ka shiga Settings ka ga lambar firosesan da idonka.

Chromebook fa, mai tsarin Google maimakon Windows? Tana da arha, batir na daɗewa, tana tashi kamar waya. In duk aikinka a burauza yake kuma kana da data, za ta yi maka. Amma ba ta ɗaukar manhajojin Windows, ba CorelDraw ba cikakken Office, kuma kowace tana da ranar da Google zai daina mata abdet, waɗanda suka fito daga 2021 shekara 10 aka ba su, tsofaffin ka duba. Da yawan na gwanjo daga makarantu suka fito, wasu har yanzu a kulle suke da sunan makarantar.

MacBook Air M1 ta Apple ta ƙarshen 2020 kuwa in aljihu zai iya, batirinta ya fi na duk waɗanda na lissafa, ba fanka balle ta zuƙi ƙurar hunturu. Amma ta fita daga sahun masu araha, ba a ƙara mata ram ko ma'ajiya, gyaran sikirin ɗinta kuma sai ka dafe kai. Masu Intel na 2016 zuwa 2019 da kibod ɗin nan mai saurin maƙalewa, ka bar su inda ka gan su. Kuma duk Mac ɗin da ba a cire iCloud, wato asusun Apple, na mai ita ba, ko kyauta aka ba ka ado ne kawai.

To yanzu ranar siya. Kar ka je a gurguje, ka ware awa guda, ka tafi da filashinka da iyafis. Ni na taɓa siyan wata a hannun wani mai shago, ya kunna min ta tashi fes, ya ce batir awa huɗu, na biya na tafi, ashe minti arba'in ne, da na koma ya ce ai batir ba ya cikin waranti. Tun daga ranar nake yin wannan: ka buɗe manhajar Command Prompt ta Windows ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da takarda, ka nemi layin Design capacity da na Full charge capacity. Na farko ƙarfin batirin yana sabo, na biyu abin da ya rage masa. In ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 to ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin, a rage maka ko a sauya. Ka ɗora ta a kan tebur ka duba ko tana rawa, ko wajen linzamin ya ɗago, alamar batir ya kumbura ke nan, kuma zafin bazararmu ba ya raga wa irin wannan.

Ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba fasawod, musamman a HP da ThinkPad don cire shi aiki ne ja. Sannan ka sa a yi mata sabuwar Windows a gabanka a haɗa ta da intanet, don wasu na kamfani suna nan a rajistar kamfaninsu, sai an zo saitin farko ka ga ta nemi imel ɗin ma'aikaci, in ka ga haka ka miƙa musu kayansu. Ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, eh kowanne, kar ka ji kunyar mai shago. Ka gwada kyamara da sifika da Wi-Fi da duk ramukan USB. Ka sa farin shafi ya cika sikirin ka nemi tabo ko ɗigon haske, sannan ka duba ko 1920x1080 ne, don modal ɗaya yana zuwa da sikirin iri biyu, akwai mai 1366x768 wanda in ka ɗan karkata kai sai launi ya wanke, kuma kuɗinsu bai kamata ya zo ɗaya ba. Ma'ajiya dole SSD, 256GB ta isa kwamfuta ta biyu, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyarta cikin minti ɗaya. Ram 8GB shi ne ƙasa, in da hali ka cika 16 tun a shagon. Ka bar bidiyo yana yi minti goma sha biyar ka saurari fanka, ka taɓa gindinta. Sai rasit mai ɗauke da siriyal lamba da kwanakin gwaji a rubuce, ko sati ɗaya ne, don maganar baki ba ta zuwa ko'ina ranar rigima, kuma rasit ɗin ne zai fitar da kai in aka ce kayan sata ne.

Farashi ban sa ba da gangan, yana bin dala ne, abin da aka faɗa maka yau jibi ya sauya. Ka zaga shago uku huɗu da modal ɗaya a bakinka ka ji.

Shi dai ƙanin nawa T480 na so ya ɗauka, ya kalle ta ya ce Yaya wannan ai kamar ta ofishin sakatariya. Ya ƙare a 840 G6, i5-8365U, ram 8GB muka ƙara masa wani 8, batirin ya nuna kashi 80 da ɗoriya, kuɗin kuma bai yi nisa da na waccan ta kwalin ba. Cajar da suka fara haɗa masa da ita mara nauyi ce kamar ba komai a ciki, sai da muka sa aka sauya.