Ajin azumi na yara a Islamiyyar unguwarmu, babu waya babu talabijin

Gaskiya da farko ban so ba, don yarona ɗan shekara 9 in dai ba wayata ce a hannunsa yana kallon katun a YouTube ba to kafin azahar ya fara "Umma ƙishi, Umma yunwa". Maƙwabciyata ce ta matsa min in kai shi ajin da wata Islamiyya ke yi nan Ɗorayi, daga hantsi zuwa la'asar, kuma duk yaron da ya zo da waya malama karɓewa take ta sa a leda sai an tashi.

Wallahi sati ɗaya na ga canji. Haddarsa da ta tsaya tun bara yanzu ya kai Sabbi, in sun gaji su zauna inuwar darbejiya suna dara da tatsuniya, har waƙoƙin tashe suka koya tun kafin goma ga wata. Yana dawowa sai barci, gab da magariba shi ke jera min ƙosai da kofunan kunu a tabarma, idonsa ma ya daina ja.

Abin da ya dame ni kawai cunkoso, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya zafin Kano ba wasa. Duk da haka baɗi in Allah ya kai mu har ƙanwarsa zan kai.