Metro na Alƙahira, jirgin da ya raba ni da fargabar titi

Ranar Laraba da la'asar maƙwabciyata ta shigo gidanmu a Ƙofar Ƙaura, hankalinta a tashe. 'Yarta ta samu gurbin karatu a Jami'ar Azhar da ke Alƙahira, kuma wani ya nuna mata bidiyon titunan Alƙahira a waya. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Maman Khalil, ke da kika zauna can, yarinyar da ko shataletalen nan ba ta tsallaka ita kaɗai, yaya za ta yi?" Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, akwai Metro." Abin da na faɗa mata shi nake rubutawa, don na san iyaye da yawa a Katsina suna cikin wannan zullumi.

Shekara huɗu na yi a unguwar Abbasiyya, daga 2015 zuwa 2019, lokacin da maigidana yake karatu. Bidiyon bai yi ƙarya ba. Titi mai layi uku sai ka ga motoci biyar sun jeru a kai, hon ba ya tsayawa dare da rana, ƙananan bas ɗin da suke kira mikrobas kuma duk inda fasinja ya ce "ala gamb ya usta", wato direba a tsaya gefe, nan direba zai taka birki. Wata biyu na farko ban tsallaka titin Salah Salim ni kaɗai ba. Sai in laɓe gefen wata Bamasariya, in sa ta tsakanina da motoci, ta ɗaga ƙafa in ɗaga.

Abin da ya kai ni Metro, jirgin ƙasan cikin gari da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, wani azumi ne. Mun taso daga Dokki a tasi bayan la'asar, Khalil yana goye, muka hau gadar 6 ga Oktoba muka tsaya cak. Yaro yana kuka, zafi kamar a murhu, ba gaba ba baya. A cikin motar nan aka kira magariba, da dabinon da wasu samari suke miƙa wa matafiya ta taga muka buɗe baki, Allah Ya saka musu. Mako na gaba na yi wannan tafiyar a jirgi: na shiga a Dokki, muka bi ta ƙarƙashin kogin Nilu, na canza a Ataba, na sauka Abbasiyya. Rabin awa bai cika ba. Da na hau matakala na fito, na tarar da motoci a tsaye suna ta hon, sai da na yi hamdala a bayyane.

An buɗe Metro ɗin a 1987, shi ne na farko a Afirka. Layi uku ne. Na ɗaya ya tashi daga Helwan a kudu zuwa Marg a arewa, na biyu daga Shubra zuwa Munib ta Giza da Jami'ar Alƙahira. Na uku, wanda aka buɗe a 2012, shi ne namu na 'yan Azhar: ya bi ta Abbasiyya, kusa da Madinatul Bu'us inda ɗaliban ƙasashen waje suke kwana, kuma daga tashar Babus Sha'ariyya ana iya takawa zuwa masallacin Azhar da na Husaini. Taragunsa da na'urar sanyaya iska. Wasu tsofaffin jiragen layi na ɗaya kuwa fanka ce da taga, da bazara sai an yi haƙuri.

Abin da na fi jaddada wa Hajiya shi ne taragun mata. Tarago biyu na tsakiyar kowane jirgi na mata ne, akwai alama a dandamali da ke nuna inda za su tsaya. Mace tana iya shiga kowane tarago, amma ni ban taɓa barin namu ba in ba tare da maigida nake ba. Wanda bai shiga mikrobas a matse tsakanin maza ba ba zai san darajar wannan ba. A can na shayar da Khalil ba tare da na takura ba. A can tsofaffi suke karɓarsa su ɗora a cinya in ban sami wurin zama ba, suna ta tambayata ko daga Sudan nake. Masu talla suna ratsawa da safa da allurar ɗaura mayafi da man shafawa, kamar an ɗauko wani lungu na babbar kasuwarmu an ɗora a kan dogo. Rabin Larabcin Masar da na iya a taragon nan na koye shi. Kalmar farko ita ce "nazla?", wato za ki sauka? In aka tambaye ki kuma ba sauka za ki yi ba, ki matsa gefe da sauri.

Kuɗinsa bai da yawa. Da muka je tikiti fam ɗaya na Masar ne duk nisan tafiya, a 2017 ya koma biyu, a 2018 aka raba shi uku da biyar da bakwai gwargwadon yawan tashoshi, kuma ya ƙaru bayan haka. Duk da haka bai kama ƙafar kuɗin tasi ba. A riƙe tikitin har a fita, don shi ke buɗe ƙofa a tashar da aka sauka. Ana kuma sa jaka a na'urar bincike a bakin shiga.

Cunkoso yana nan a ƙarƙashin ƙasa ma. Da safe lokacin fita aiki, ko da rana in an tashi daga ofis da makaranta, tashar Shuhada a Ramsis da ta Sadat a ƙarƙashin dandalin Tahrir sai mai ƙarfin kafaɗa. Ƙofa ba ta jiran kowa, saboda haka tun tasha ɗaya kafin taki ki kusanci bakinta, jaka a gaba. Bambancin kawai shi ne wannan cunkoson yana tafiya, ka san lokacin da za ka isa, kuma ba mota a kusa da za ta kaɗe ka.

Akwai kuma wurin da bai kai ba. Hayyul Ashir, inda 'yan Najeriya da yawa suke kama haya saboda sauƙin kuɗi, babu tasha a cikinta, sai an hau bas ko mikrobas tukuna. Shi ya sa na ce wa Hajiya in yarinyar ba ta samu ɗaki a Bu'us ba, a nema mata gida inda za ta taka zuwa tasha cikin minti goma, ko da hayar ta ɗan fi tsada. Abin da aka ƙara a haya zai dawo ta kuɗin mota da kwanciyar hankalin uwa.

Hajiya ta ce in rubuta mata sunayen tashoshin. Na ɗauko littafin makarantar Khalil na yage takarda ɗaya, na jera mata su daga Abbasiyya zuwa Ataba da haruffan Larabci, yadda yarinyar za ta gan su a jikin bango.