Sharhi Kan PhET Bayan Na Koyar Da Darasin Lantarki Da Shi

PhET tarin gwaje-gwajen kimiyya ne da ake gudanarwa a fuskar kwamfuta ko wayar hannu. Carl Wieman, masanin fiziks ɗin da ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001, shi ne ya kafa shi a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002. Kyauta ake amfani da shi a shafinsa na intanet, kuma ana iya sauke gwaji a ajiye a riƙa buɗewa ba tare da data ba, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga ɗalibin da kuɗin abincinsa da na datarsa daga aljihu ɗaya suke fitowa.

Na yi aiki da shi wajen koyar da ɗaliban shekarar farko a wata jami'a a nan Jos, kuma gwajin da ya fi yi mini amfani shi ne na haɗa layin lantarki, inda ɗalibi yake jawo batir da waya da ƙwan fitila ya haɗa su da yatsansa, ya ga yadda wutar ke zagayawa. Dokar Ohm, wato ƙa'idar da ke nuna yadda yawan wutar da ke gudana ya danganta da ƙarfin batir da turjiyar da ke cikin layi, wadda yawancinsu suka haddace tun sakandare, ta zama abin da ido ke gani: idan aka jera ƙwai biyu a layi ɗaya haskensu ya dusashe, idan aka ba kowanne layinsa suka haska sosai, idan kuma aka haɗa bakuna biyu na batir ɗin da waya kai tsaye sai wuta ta kama.

Abin da na lura da shi, kuma shi ya fi damuna in faɗa wa 'yan'uwana malamai, shi ne ba hoton da ke motsi ne ke zaburar da ɗalibi ba. Duk ranar da na haska gwajin a allo ina bayani ni kaɗai, kallo kawai suke yi, daga ƙarshe a tambaye ni ko zai fito a jarrabawa. Amma idan na sa kowa ya fara rubuta hasashensa, misali abin da zai sami ƙwai na biyu idan aka cire na farko, sannan ya gwada a wayarsa, sai aji ya kaure da muhawara, har ɗalibai mata da samarin bayan aji da ba su saba magana ba su riƙa kare ra'ayinsu. Wanda hasashensa ya ƙi fitowa daidai ba ya jin kunya, domin babu kayan da ya lalata. Sake haɗawa yake yi ya nemi dalili.

Duk da haka, bai maye gurbin ɗakin gwaji ba. A fuskar waya haɗi ba ya kwancewa, mita ba ta rawa, alhali a hannu waɗannan ne ke koya wa ɗalibi natsuwa da kula. Saboda haka nakan sa su yi gwajin PhET kwana guda kafin mu shiga ɗakin gwaji, kuma nakan tura musu fayil ɗin tun da wuri saboda matsalar wuta da sabis.