Maganin barcin da kika ce in aiko wa Hajiya

Yaya, na ga saƙonki cewa Hajiya ba ta samun barci, in aiko mata da na Turai tunda ya fi kyau. Bari ki ji nawa labarin tukuna.

A watan Yuni a nan Manchester, ba a isha'i sai wajen sha ɗaya na dare, kafin ƙarfe uku kuma alfijir ya keto. Ga aikin dare a kai. Sati uku na yi ina juyi a gado ido biyu. Da a Kano ne, kemis ɗin bakin layi zan leƙa, a ƙirgo mini D5, ƙwayar nan mai sa barci, a ƙulle a leda, ba tambaya. A nan ko melatonin, ƙwayar taimaka wa barci da ake ɗauka a kan kanta a Amurka, sai da takardar likita. Ganin likitan kyauta ne, sai dai ƙarfe takwas na safe za ki buga waya ki shiga layi, in an dace a ba ki minti goma.

Likitar ta tambaye ni kofi nawa na shayi nake sha, ko ina kwana da waya a hannu. Ta ce ainihin maganin barci irin su zopiclone ba sa son ya wuce sati biyu zuwa huɗu, don jiki na sabawa da shi. Sai ta rubuta mini amitriptyline, miligiram 10. Na biya fam 9.90, kuɗin kowane magani ke nan a Ingila, mai tsada ko mai araha.

Ina buɗe takardar cikin kwali na ga an rubuta ciwon damuwa. Raina ya ɓaci, ni da na je neman barci! Washegari na koma kantin maganin da faɗa a bakina. Mutumin ya yi mini bayani a tsanake: masu ciwon damuwa daga miligiram 50 zuwa 150 suke sha, kasalar da maganin yake saukarwa, irin ta Piriton, ita likitoci ke ara don barci. Ba don barci aka yi masa rajista ba. A Amurka trazodone, wani maganin ciwon damuwar, suka fi ba wa mutane a haka.

Barci kam ya zo. Amma ina tashi baki a bushe kamar mai azumi a watan bazara, kai ya yi nauyi har hantsi, ranar farko sai da na dafa bango kafin in kai banɗaki.

Wannan jirin ya sa ba zan aiko ba. Hajiya ta haura saba'in, tana shan na hawan jini, tana fita tsakar gida cikin dare. Maganin nan na iya taɓa bugun zuciya, yana kuma kayar da tsofaffi. Kuma ba na Turai ba ne kaɗai, akwai shi a Kano da araha. Ki kai ta asibiti da duk ƙwayoyin da take sha, kada ki ɓoye wa likita goron la'asar. Kuɗin kati da na mota zan turo ranar Juma'a in sha Allah.