Wata huɗu muna karanta littattafan "ka so kanka" ni da yarana, ga abin da na gani

Abin da ya sa na sayi littattafan nan tun farko babbar 'yata ce mai shekara shida. Likitan ido ya ce sai ta sa gilashi, ba a yi sati biyu ba ta fara dawowa daga makaranta gilashin na cikin jaka, in na tambaya ta ce wai matse mata hanci yake yi, sai da ƙanenta ya tona asiri cewa yara ne ke kiranta mai ido huɗu. Na yi ta lallashi, kin yi kyau, wallahi ƙara miki kyau ya yi, ni ma zan sayi irinsa, ta bi ni da wani kallo mai cewa ai ke uwata ce dole ki faɗi haka. To a nan ne na shiga intanet na yi odar saiti guda na littattafan yara masu hotuna, guda shida a kwali ɗaya, duk a kan yarda da kai da kuma zama da wanda bai yi kama da kai ba. Yanzu wata huɗu ke nan muna karantawa kusan kullum kafin barci, shi ya sa na ce bari in rubuta nawa, don na ga mutane na ta zuba yabo a kan irinsu alhali daga jin maganar ka san ko ledar ba su cire ba.

Ta fannin ƙwari dai ba laifi. Takardar na da kauri, launin bai dusashe ba, kowanne shafi 32 ne, ashe haka aka saba yin littattafan hotuna saboda a maɗaba'a manyan takardu ake ninkewa su ba da shafi takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Biyu daga ciki ɗinki aka yi musu kuma har yau suna nan garau, sauran huɗun da gam aka manne, ɗaya tun a wata na biyu bangon ya rabu da jiki sai salatef ke riƙe da shi. In kina da ɗan shekara huɗu mai jan shafi kamar yana jan igiya irin nawa, ki duba wannan kafin ki saya.

Bari in fara da wanda ya fi ba ni haushi. Akwai guda ɗaya da babu labari a cikinsa sam, kowane shafi yaro ne tsaye yana murmushi taurari sun kewaye shi, a ƙasa an rubuta ni na musamman ne, ni gwani ne, babu kamata. Yarinyar ko shafi na biyar ba mu kai ba ta fara hamma. Shi kuwa ƙaramin ya haddace shi tsaf, ranar da na ce ya kwashe kayan wasansa daga tsakar ɗaki ya riƙe ƙugu ya ce min ni na musamman ne. Na yi dariya amma abin ya tuna min da wani bincike da muka karanta lokacin ina karatun koyarwa, na Claudia Mueller da Carol Dweck a 1998, inda suka ba yara 'yan firamare aiki, wasu aka yaba musu da cewa suna da kaifin ƙwaƙwalwa, wasu aka yaba musu ƙoƙarin da suka yi. Waɗanda aka ce wa masu ƙwaƙwalwa su ne suka fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, kuma da aka kawo mai wuya suka kasa sai suka fi saurin karaya. Littafin nan irin yabo na farkon yake ta ɗura wa yaro shafi bayan shafi. Na ɗaga shi sama can bayan kabad.

Wanda ya yi aiki kuwa ban taɓa zaton shi ne zai yi ba, don da na fara buɗe shi har cewa na yi me ya kawo wannan cikin saitin. Labarin wata yarinya ce da kyanwarta ta ɓata tana bi lungu-lungu tana nema, shi ke nan fa. Yarinyar na sanye da na'urar ji a kunnenta a kowane hoto amma marubucin bai ambaci abin ba ko sau ɗaya, ba wanda ya tsokane ta, ba wanda ya tausaya mata, ita dai kyanwarta take nema kuma tana da ɗan taurin kai ma. Sai a karatu na uku 'yata ta ɗora yatsa a kan kunnen ta ce Mama ita ma tana sa abu. Na ce eh, nata na ji ne, naki na gani. Ta yi shiru ta ce a ci gaba. Daga ranar kusan kullum shi take ɗaukowa, har na gaji da kyanwar nan wallahi, na san inda ta ɓuya tun kafin a buɗe littafi amma dole in yi mamaki kowane dare.

Wata malamar jami'a a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta rubuta a 1990 cewa littafin yara kan zama madubi da yaro zai ga kansa a ciki, ya kuma zama taga da zai leƙa ya ga rayuwar wasu. Da a takarda kawai na san maganar, sai ga shi na gan ta a kan gadona, littafi ɗaya ya zama madubi ga babbar ya zama taga ga ƙaramin, don shi tambayarsa ita ce ko abin kunnen yana da batir kuma ko ana wanka da shi.

Akwai kuma na yaro mai keken guragu, wannan shi ne ya fi kyawun zane a cikin shidan gaskiya, amma labarin ne ya tsaya min a rai. Yara na gudunsa ba sa wasa da shi, sai aka yi wata gasa a makaranta ya zo na ɗaya, nan take kowa ya zama abokinsa ana ta tafi. Ni ban ga wata matsala ba da farko, har daɗi na ji, sai da muka rufe littafin yarinyar ta ce to Mama da bai ci gasar ba fa? Na rasa abin cewa. Gaskiyarta ne ai, abin da labarin ke faɗa a fakaice shi ne in ka bambanta da mutane sai ka biya da wata bajinta kafin a zauna da kai, alhali yawancin yara ba za su ci gasar komai ba, ita kanta ba ta fi kowa gudu ko karatu a ajinsu ba, yarinya ce kawai mai gilashi da take so a bar ta ta yi wasa. Ban jefar da shi ba, muna karantawa, amma yanzu in mun zo wajen gasar sai mu tsaya mu ƙirƙiro namu ƙarshen, wata rana ya zo na uku, wata rana ma bai shiga ba, in tambaye su to wa zai fara zuwa ya zauna kusa da shi. Ƙaramin kullum cewa yake shi ne, saboda yana so a ɗana masa keken.

Na launin fata ya yi kyau daidai gwargwado, mai zanen ya san gashi, bai yi wa yaran baƙin dunƙule a ka ya ce gashi ne ba. Wanda yake ganin yara ba su lura da launi ya tuna gwajin 'yar tsana da Kenneth da Mamie Clark suka yi a Amurka a shekarun 1940, yara baƙaƙe 'yan shekara uku zuwa bakwai aka nuna wa 'yar tsana fara da baƙa, yawancinsu suka zaɓi farar, har kotun ƙolin ƙasar ta yi nuni da aikinsu a hukuncin 1954 da ya soke raba makarantun yara farare da baƙaƙe. Yarana biyu ɗaya ya fi ɗaya haske kuma mutane ba sa gajiya da faɗa a gabansu, don haka na so littafin. Abin da ban so ba, a sauran biyar ɗin yarinya baƙa kullum ƙawa ce a gefen hoto tana tafa wa wani. Kuma babu zabiya ko ɗaya a duk saitin, ranar da ƙaramin ya nuna wani bawan Allah da yatsa a hanya ni da kaina na zauna na yi masa bayanin cewa jikinsa ne ba ya samar da sinadarin melanin mai ba fata da gashi launi, shi ya sa rana ke cutar da shi kuma idonsa ke da rauni, ba ciwo ba ne da ake ɗauka. Da akwai hoto a hannuna da abin ya fi sauƙi.

Akwai kuma na wani tsuntsu mai gajeren fiffike, sun so shi a matsayin labarin tsuntsu, ban ga alamar sun haɗa shi da kansu ba ko kaɗan.

Duka da Turanci aka rubuta su, ni nake juyawa Hausa ina karantawa, masu salon waƙa in an juya sai daɗin ya zube, shi ya sa masu zance kai tsaye suka fi min. A bayan kowanne akwai shafin tambayoyi na iyaye, na gwada sau biyu na bari, yarinyar ta ce min kamar jarrabawa. Tambayoyin da suke yi da kansu a tsakiyar labari sun fi waɗancan nesa ba kusa ba, sai dai ki shirya karatun minti biyar ya koma rabin awa.

In za a ce in ba saitin maki zan ba shi uku cikin biyar, kuma da na sani da ɗaiɗai na saya bayan na leƙa cikinsu, don biyu ne kawai zan sake saye. Batun gilashi kuwa ba zan yi muku ƙarya in ce an gama ba, tana sa shi a aji yanzu amma malamarsu ta ce lokacin tara tana cirewa ta saka a aljihu. Shekaranjiya na buɗe littafin kyanwar na tarar an bi yarinyar ciki da biro an zana mata gilashi a shafi bakwai, har da kyanwar a shafin ƙarshe, na ɗaga murya zan yi faɗa sai babansu ya ce in ƙyale ta.